Binciken Aurena a Teburin Manaja

Shekara huɗu na yi ina aiki a wani kamfanin iri da taki a Funtua, kuma har yau in na bi ta ƙofarsa a kan babur sai na kawar da kai. Ba korata aka yi ba, kada wani ya ɗauka haka. Ni na ajiye musu aikinsu da hannuna. Da ma korar aka yi ta fi mini sauƙi, don wanda aka kora yana da abin da zai faɗa wa mutane in sun tambaya.

Aikina rajistar manoma ne. Kamfani yakan ba manomi irin masara ko waken soya ya noma, in kaka ta yi a saya a hannunsa. Ni ne mai bin ƙauyuka, yau Mahuta gobe wajen Dayi, in auna gona, in ɗauki hoton mai gonar yana tsaye a bakin kunya ya ɗaure fuska kamar an ce za a ƙwace masa ita, in dawo ofis in tura wa manya a Kaduna. Saboda wannan turawar ce aka sa mana waifai, wato intanet na ofis. Wani injiniya mai farin gilashi ya zo daga Kaduna, mutumin da in ka yi masa sallama da kai yake amsawa, ya liƙa wani ɗan akwati a bango. Ya ce kowa ya kawo wayarsa. Shi da kansa ya riƙa sa lambar shiga, yana tambayar sunan mai waya yana rubutawa a kwamfutarsa. Daga nan ya miƙo mana takarda shafi uku da Turanci ya ce a sa hannu. Ni da nake taƙama da Turanci a duk ofishin, ni na fara sa hannu, ko layin farko ban karanta ba.

Wa zai tsaya karatu? Data ce kyauta ta faɗo mana. Direban babbar motarmu ya koma kallon dambe tun daga safe, mai kula da sito ya cika wayarsa da wa'azi har ta daina ɗaukar hoto, mai gadi kuwa ya gano cewa in ya jingina kujerarsa da bangon ofis abin yana kai masa, sai ya zamana ƙofa tana can shi yana nan. Manajanmu, wani Alhaji mai tsantseni da ba ya rasa sahun farko, yakan wuce yana girgiza kai yana cewa mu ji tsoron Allah da lokacin aiki. Mukan ce to, ranka ya daɗe, yana ba da baya mu ci gaba.

Ina da aboki a Malumfashi, tare muka yi firamare. Sayen hatsi yake yi a kasuwannin ƙauye, mutum ne mai fara'a da yawan tsokana, yana da mata da 'ya'ya biyu a lokacin. Wata shekara ya yi hatsari da babur a hanyar Dayi, kansa ya bugu da kwalta, ya yi kwanaki a asibiti ya tashi. Kowa ya ce an auna arziki. Bayan kamar wata bakwai ya raka ni auna wata gona, mu biyu kaɗai a tsakiyar masara, yana cikin ba ni labarin wani dillali sai na ji shiru. Na waiwaya na gan shi a ƙasa yana karkarwa, idanu sun juye, kumfa a baki. Wallahi ban san abin da na yi ba, na dai san na riƙe kansa ina ta salati har abin ya sake shi.

Da ya dawo hayyacinsa ya tashi zaune. Sannan ya gaya mini wannan ne karo na uku, kuma ba wanda ya sani, har matarsa, don sauran biyun a cikin sitonsa suka same shi. Ya ce in maganar ta fita ya ƙare: surukansa za su zo su ɗauke 'yarsu, ba manomin da zai ƙara yarda ya ba shi amanar hatsi, kuma 'ya'yansa mata za su girma ana nuna su da baki ana cewa gidan masu farfaɗiya ne. Ya kama hannuna ya ce in rantse masa. Na rantse da Allah ba zan faɗa wa kowa ba, ko uwar da ta haife ni. Ban ko yi tunani ba, don me kuma zan yi tunani? Abokina ne yana kuka a gonar mutane.

Ni na raka shi asibiti a Zariya, sau biyu, ina ɗaukar hutun kwana ɗaya a ofis da cewa zan kai wani mara lafiya can. Likita ya rubuta masa magani da wasu bayanai da Turancin likitoci, shi kuma karatunsa bai kai nan ba. To ni ne mai waya, ni ne mai Turanci, ni ne mai data kyauta. Kullum bayan azahar in na ci abinci sai in zauna a gindin bishiyar bedin da ke bayan ofis in shiga bincike. Me ke tayar da ciwon, me ya kamata mai shi ya guje wa, maganin yana sa barci ko ba ya sa, ana gadonsa ko ba a gado, mai shi zai iya azumi. Na shiga shafukan ƙungiyoyin masu ciwon na ƙasashen waje, na karanta labaran mutane, in na samu abu mai amfani in kira shi da yamma in fassara masa. Na fi wata biyar ina haka, har ina jin kaina wani ƙaramin likita.

A cikin wannan zirga-zirgar zuwa gidansu ne na fara lura da ƙanwarsa. Malamar firamare ce, ta gama karatunta tana koyarwa, mace mai kaifin baki da ba ta barin bashin magana. Ranar farko da na tsaya gaishe ta da kyau ta dubi takalmana ta ce ko gonar da na auna na taho da ita ne. Shi abokin nawa da kansa ya lura, ya ce mini, mutumina, in da gaske kake ka fito fili, gara kai da bare. Na fito. Ta amince, ba da sauri ba, sai da ta wahalar da ni son ranta. Da salla na kai mata toshi, atamfa da mayafi da takalmi da 'yar wayar da ta fi tata. Manyana suka je gaisuwa da goro, mahaifinta ya karɓe su hannu biyu, ya ce a ba su ɗan lokaci su yi bincike kamar yadda aka saba.

Ban damu da binciken ba ko kaɗan. Me za a samu? Ba na shan komai, ba na bin kowa, limamin unguwarmu ya san ni, maƙwabta sun san ni. Na san dole a je wurin aikina, har daɗi na ji, don ban taɓa samun saɓani da manaja ba. Ƙanin mahaifinta aka wakilta, wani dattijo mai shagon kayan gini. Ya zo ofis ranar da nake can Mahuta ina fama da taɓo. Mai gadi ne ya ba ni labari da na dawo, ya ce baƙona ya daɗe a ciki, har an kai musu lemo. Na ce madalla.

Sai abubuwa suka fara sanyi. Saƙon da takan amsa nan take ya koma kwana. Mako biyu ba wani bayani daga gidansu. Ran wata Asabar bayan la'asar na hau babur na tafi Malumfashi, na aika ta fito zaure. Ba ta zauna a inda ta saba ba, ta tsaya daga bakin ƙofa, ba tsokana ba komai.

"Malam, zan tambaye ka abu ɗaya, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Kana da farfaɗiya?"

Na ce mata wallahi ba ni da ita, ban taɓa faɗuwa ba tunda aka haife ni, kuma wa ya ce? Ta ce manajana ne ya gaya wa baffanta, har da takarda ya nuna masa. Ta ce an ce na yi watanni ina neman maganinta a waya, kuma ina zuwa asibiti a Zariya a ɓoye. Na ce duk an yi haka, amma ba don kaina ba ne, wani nake taimaka wa.

"Wane ne?"

Ɗakin yayanta yana nan cikin gidan, bai fi taku ashirin daga inda muke tsaye ba, ina ma jin muryar ƙaramar 'yarsa tana kuka. Na ce ba zan iya faɗa ba, amana ce. Ta ce in na faɗa mata, ita kaɗai, za ta tsaya gaban mahaifinta ta rantse a kaina, ba sai ta ambaci sunan kowa ba. Na ce ta yi haƙuri. Abin da ta faɗa bayan nan shi ne har yau yake cin raina.

"Ko da kana da ita, da ka gaya mini da bakinka da na san yadda zan yi da su Baba. Ciwo ne, ba kai ka ɗora wa kanka ba. Amma ba zan zauna da mutumin da tun ba a ɗaura ba yana da abin da yake ɓoye mini."

Ta ce ta ba ni lokaci in yi tunani, ta shige gida.

Ran Litinin ban ko ajiye jakata ba na shiga ofishin manaja. Na gaishe shi, don tarbiyya ba ta barin mutum ko yana tafasa. Na ce, ranka ya daɗe, me na yi maka? Bai ko razana ba. Ya nuna mini kujera, ya jawo durowa, ya fito da takardu a maƙale da ƙusa. Ashe duk ƙarshen wata injiniyan nan yakan aiko masa da jerin wuraren da kowace waya ta shiga ta waifai ɗin ofis, da rana da lokaci, da sunan mai wayar a sama. An yi haka ne wai don a kama masu kallon fim a lokacin aiki. Ba a ganin abin da ka rubuta ko ka karanta a ciki, sunan shafin kawai ake gani. To sunan ya isa, tunda sunan ciwon da Turanci yana jikin kusan kowanne. Alhaji ya bi su da jan biro ɗaya bayan ɗaya, layi a ƙarƙashin layi, wata biyar. Ya ce da bai gane kalmar ba sai ya kira injiniya ya tambaye shi ma'anarta. Wato har Kaduna an san da ciwona kafin ni in sani.

Daga nan ya shiga haɗa mini lissafin da ya yi a ransa. Hutu biyu zuwa Zariya. Ranar da na dawo daga ƙauye da taɓo har wuya na ce santsi ne ya kayar da ni. Yadda nake keɓewa a bayan ofis ni kaɗai. Ya ce ya daɗe yana tausaya mini, har ya yi niyyar ya nema mini aikin zama a ofis don kada abin ya same ni a kan hanya, kunya ce ta hana shi yi mini maganar. Kunya! Ya ji kunyar tambayata a ɗaki mu biyu, amma bai ji kunyar baje takarduna gaban baƙon da bai taɓa gani ba.

"Malam, ni ban ce kana da ita ba," in ji shi. "Na ce ga abin da na gani. An zo an tambaye ni don Allah a kan maganar aure, addini bai ba ni damar in ɓoye ba."

Na ce to addinin ya ba shi damar leƙa wayata? Na ce wayar nan da guminna na saye ta, a lokacin hutuna nake dubawa, ba fim na kalla ba, ba aikin kamfani na bari ba. Ya ce wayar tawa ce amma waifai na kamfani ne, kuma na sa hannu. Ya sake jawo durowa ya fito da takardar nan mai shafi uku, ya buɗe shafi na biyu ya ɗora yatsa a kan wani layi. Yana nan kuwa, ƙarara, cewa kamfani yana da ikon duba duk abin da ya bi ta hanyarsa. Ga sa hannuna a ƙasa, da 'yar ƙawar da nake yi masa ta jan wutsiya. Ya ce in ba ni ba ne mai ciwon, ai abu ne mai sauƙi, in faɗi mai shi, shi da kansa zai hau mota ya je Malumfashi ya gyara maganarsa. Har ga Allah da gaske yake, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da mugu ne da na zage shi na huce.

Na fito na cire waifai ɗin daga wayata a nan bakin ƙofa, kamar hakan zai dawo da wani abu. Na so in tara sauran ma'aikata in gaya musu ana ganin duk inda suka shiga, sai na tarar sun riga sun ji labarin, amma ba wannan ɓangaren ba. Direba ya zo ya dafa kafaɗata ya ce akwai wani mai maganin gargajiya a wajen Matazu da ya ƙware a kan irin wannan.

Na je asibiti na ce a gwada ni a ba ni takardar shaida. Likitan ya yi mini bayani a hankali cewa wannan ba irin ciwon da ake ɗiban jini a ce babu ba ne, ba takardar da zai rubuta ya ce mutum bai taɓa faɗuwa ba. Ƙanin mahaifina ya koma Malumfashi ya rantse musu cewa a gabansa na girma. Suka karɓe shi da mutunci, suka ce ai ba su ƙaryata shi ba, sai dai irin wannan abu ko iyaye ba kullum suke sani ba.

Saura hanya ɗaya. Na sami abokina a sitonsa ranar kasuwa da rana tsaka, na ja shi bayan buhuna. Ya riga ya san komai, a gidansu ake maganar, a gabansa. Ya rame ya yi zuru-zuru. Na ce masa ban zo in karya rantsuwa ba, na zo ne ya sake ni, ko shi ya faɗa wa ƙanwarsa da bakinsa, ita kaɗai, ai jininsa ce. Ya ce in ta sani mahaifiyarsu za ta gani a fuskarta, in mahaifiyarsu ta sani gidan duka ya sani. Ya ce matarsa tana da tsohon ciki. Ya ce in ba shi zuwa bayan haihuwa, zai san yadda zai yi. Ya riƙe hannuna yana cewa in rufa masa asiri kamar yadda Allah ya rufa mini. Na fizge hannuna na ce wane asirin ne Allah ya rufa mini, ni da nake yawo da ciwon wani a gari?

Aka haihu, aka yi suna, na je na ci tuwon suna. Ya ce bayan girbi. Aka yi girbi, aka kai masara gida, aka share gonaki. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, sau uku ina rubuta mata sunansa a waya ina gogewa. Ba wai don ni waliyyi ba ne. Tsoron rantsuwar yana ciki, tausayin 'ya'yansa yana ciki, kuma akwai wani taurin kai da ya hana ni, don ina ganin ba ni ya kamata in faɗa ba, shi ya kamata. Kullum ina cewa gobe zai ji kunya ya yi magana. Har yau ban tabbata ko amana na riƙe ko wauta na yi ba, kuma duk wanda ya ce zai yaba mini a kan wannan ya riƙe yabonsa.

Ita kuwa ta daina amsa wayata tun kafin girbin. Ban ga laifinta ba. Ta ba ni lokaci fiye da yadda na zata.

Wata Juma'a da safe, ina wanke babur a ƙofar gidanmu, sai ga abokin nawa ya tsaya da nasa, da kwali ɗaure a baya da igiyar roba. Mahaifinsu ya ga cewa tunda shi ne abokina, shi ya fi dacewa ya kawo, don abin ya zo mini da sauƙi. Ya kwance kwalin ya ajiye a kan dakali. Atamfar tana nan ko ɗinkawa ba a yi ba, da mayafin, da takalmin, da wayar a cikin kwalinta. Bai zauna ba, ni ma ban ce ya zauna ba. Ya ce mahaifinsu ya ce a ba ni haƙuri, ba don an raina ni ko gidanmu ba ne, kowa ya shaida ni mutumin kirki ne, Allah ne bai ƙaddara ba. Yana magana yana kallon tayar babur ɗina. Na ce na ji, na gode. Na ɗauka ya gama, sai na ga ya tsaya yana murza makulli a hannu.

Na ce, "Akwai saura?"

Ya ce akwai, kuma an ce lallai ya faɗa mini da bakinsa kada ya manta.

"Baba ya ce a ce maka Allah ya ba ka lafiya."

Na dube shi, na jira ko zai ɗago kai. Bai ɗago ba.

Na ce, "Amin."